Ana ba da belin wanda ake tuhuma da kisan kai da haɗin baki?

"Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema a kan ƙanina. Wata takwas ke nan yana tsare a gidan gyaran hali. Faɗa ne ya tashi tsakanin samari a unguwarmu nan Kano bayan an tashi daga wani biki, aka ji wa wani yaro ciwo a ka, kwana biyu yana asibiti Allah ya yi masa rasuwa. Aka kama mutum biyar har da shi, shi kuwa tela ne, ya ce rabon faɗa ya shiga. An kai su kotun majistare aka karanta musu haɗin baki da kisan kai, alƙali ya ce ba shi da hurumi, tun daga nan duk ranar da muka je sai a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, a sake ɗagawa. Wani mutum da yake zama a bakin kotun ya ce mu kawo dubu ɗari huɗu zai fito mana da shi. Wasu kuma sun ce mu je mu ba iyayen mamacin haƙuri mu biya diyya shikenan. Mahaifiyarmu ba ta da lafiya, kullum cikin kuka take. Wai da gaske ne ba a ba da belin kisan kai ko kaɗan? Kuma mene ne wannan haɗin bakin? Na gode."

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan yaron da ya rasu ya ba iyayensa haƙuri, ya ba Mama lafiya, ku kuma ya kawo muku mafita.

In na fahimce ki abu uku kike tambaya, ko ƙofar beli a rufe take ruf, ko mene ne haɗin baki, da kuma wace hanya za ku bi tsakanin mai neman dubu ɗari huɗu da masu cewa a biya diyya. Toh a gajarce, ƙofar ba a rufe take ruf ba, amma ƙarama ce, kuma ba a kotun da kuke zarya take ba. Wata takwas ɗin nan da kuka yi kuna zuwa kotun majistare, wallahi ko shekara takwas za ku yi alƙalin nan ba zai ba da belinsa ba, kuma ba mugunta ba ce, doka ce ta ɗaure masa hannu. Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan, ɗan uwanki ba kuɗi ne ya tsare shi ba, takarda ce ta tsaya a wani tebur, kuma takardar za a bi.

Me ya sa kisan kai ya fita daban

Tsarin mulkin 1999 a sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, daga nan ne ma beli ya samo asali, don ba a hukunta mutum da zaman kurkuku kafin a gama shari'arsa. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, sannan in aka yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi ko da bisa sharaɗi ne. Mutane da yawa nan suke tsayawa da karatu su zo mini da murna. Amma in kika gangara ƙasa kaɗan, 35(7) ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan gatan. Tsohuwar dokar da muka daɗe muna aiki da ita a Arewa, wato CPC, a sashe na 341 kai tsaye ta ce wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne ba a ba da belinsa, sai dai ta bar 'yar kafa in alƙali ya ga babu ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata cewa shi ya aikata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da yake fuskantar ɗaurin shekara biyu zai iya daurewa ya riƙa zuwa kotu, amma wanda ya san in an same shi da laifi rataya ce, zuciya za ta iya raya masa ya tsallaka Maraɗi ko Zinder a daina jin ɗuriyarsa. Ga kuma shaidu, waɗanda a irin wannan faɗan yawanci 'yan unguwa ɗaya ne da wanda ake tuhuma, masallaci ɗaya, majalisa ɗaya. Sannan akwai abin da dangi ba sa son ji amma gaskiya ne, wani lokacin tsarewar kariya ce ga shi kansa, don jini bai huce ba, abokan mamaci suna nan, kuma na ga inda aka fito da mutum dangi suka kwana ba barci suna tsoron ramuwar gayya.

A 2015 aka yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya da muke kira ACJA, jihohi kuma suka yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Lambobin sassan sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka zan riƙa kawo na tarayya, lauyanku ya duba takwaransa a dokar Kano. Sashe na 161 ya ce alƙalin babbar kotu ne kaɗai zai iya ba da belin wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, shi ma sai in akwai dalili na musamman. Kinga ke nan ɗan sanda ba ya ciki, majistare ba ya ciki, balle mutumin da yake zama a bakin kotu.

Haɗin baki

Wannan kalmar mutane suna raina ta, suna ganin ƙari ce kawai aka liƙa. A dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, sashe na 96, haɗin baki shi ne mutum biyu ko fiye su yarda a tsakaninsu za su aikata abin da doka ta hana. Yarjejeniyar kanta ita ce laifin. Sashe na 97 kuma ya ce in laifin da aka haɗa baki a kansa babba ne, ana hukunta mutum kamar wanda ya taimaka aka aikata, wanda ya taimaka kuwa in har an aikata abin hukuncinsa ɗaya da wanda ya yi da hannunsa. Akwai kuma sashe na 79 da yake cewa in mutane suka aikata abu da niyya ɗaya, kowannensu ana ɗaukarsa kamar shi kaɗai ya yi. Shi ya sa za ki ga sanda ɗaya ce ta sami mamaci amma mutum biyar ne a tsare. Don haka "ai ba shi ya buga ba" ita kaɗai ba ta fitar da mutum. A Kudu tsarin ya ɗan bambanta, dokarsu ta ware wa haɗin baki don kisa ɗaurin shekara 14 daban.

Amma fa nan ne kuma masu gabatar da ƙara suka fi samun rauni, musamman a faɗan da ya tashi ba shiri. Tsayuwa a wurin da abu ya faru ba haɗin baki ba ne, sai an nuna cewa niyyarsu ta zo ɗaya, ko daga maganarsu ko daga abin da kowa ya yi a wurin. Sau da yawa in ka buɗe fayil abin da za ka tarar kawai shi ne ɗaya daga cikin yaran ya lissafo sunayen sauran a bayaninsa na caji ofis, alhali dokar shaida ta 2011 a sashe na 29(4) ta ce iƙirarin da wani ya yi ba ya zama hujja a kan abokin tuhumarsa sai in shi ma ya amince da shi. Tambayar farko da zan yi wa ƙaninki da ni ne lauyansa ita ce me ya faɗa wa 'yan sanda, me aka rubuta, da wane harshe, an karanta masa kafin ya sa hannu, akwai lauya ko wani nasa a wurin, an doke shi ko ba a doke shi ba. Ki tambaye shi wannan in kin je ziyara, kuma ki roƙe shi ya faɗa miki gaskiya ko da ba ta da daɗi, don lauyan da aka ɓoye wa gaskiya a gaban alƙali yake jin ta daga bakin abokin hamayya.

Wani abu kuma, ba kowane kisa ne hukuncinsa kisa ba. Sashe na 221 na Final Kod shi ne mai hukuncin kisa. Sashe na 222 ya lissafo yanayin da ake sassautawa, daga ciki akwai tsokana mai tsanani da ta zo ba zato, da wuce gona da iri wajen kare kai, da faɗan da ya ɓarke nan take ba tare da an shirya ba, waɗannan ana hukunta su a sashe na 224, ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka. 'Yan sanda kusan kullum 221 suke rubutawa a takardar FIR, wato rahoton farko da suke kai wa kotu, amma lauyoyin ma'aikatar shari'a in sun karanta fayil suna iya saukar da ita zuwa 224, suna iya cewa wane da wane ba su da amsar da za su bayar a sallame su. In ta sauka zuwa 224 maganar beli ta canza gaba ɗaya, ta koma ƙarƙashin sashe na 162 na ACJA inda asali ba da belin ake yi sai in gwamnati ta nuna zai gudu ko zai taɓa shaidu ko zai sake aikata laifi. Kinga dalilin da ya sa wannan shawarar da ake ta ce muku ana jira ita ce kan maganar.

Inda fayil yake kwana

Yadda abin yake tafiya shi ne, 'yan sanda su gama bincike, su kai mutum gaban majistare don a ba da umarnin ajiye shi, su kwafi fayil su aika ofishin daraktan gabatar da ƙara, DPP, a ma'aikatar shari'a, lauyan gwamnati ya karanta ya rubuta shawara, in akwai hujja a shigar da tuhuma a babbar kotu. Kotun Ƙoli a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007 ta amince majistare yana da ikon ba da umarnin ajiya ko da ba shi da hurumin yin shari'ar. To amma ajiya ba ta zama har abada. A dokar tarayya sashe na 296 kwana 14 ne karon farko, a ƙara 14, daga nan kotu ta kira kwamishinan 'yan sanda da antoni janar su zo su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin, gaba ɗaya in kika haɗa matakan ba su wuce kwana 56 ba, sashe na 376 kuma ya ba da kwana 14 a fitar da shawara bayan an karɓi fayil. Adadin kwanakin yakan ɗan bambanta a dokokin jihohi, amma babu inda aka rubuta wata takwas. A aikace kuwa kusan biyu cikin uku na mutanen da suke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba, kuma wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, don ina shiga ina ganinsu, samari ne da ya kamata a ce suna kan sana'arsu ko kuma an yi musu shari'a kowa ya san matsayinsa, iyayen mamaci su ma suna can suna jiran adalcin da bai zo ba.

Na taɓa riƙe shari'ar wasu manoma da rikicin iyakar gona ya ritsa da su, sun haura shekara biyu a tsare, danginsu sun sayar da shanu sun ba wannan sun ba wancan. Da na bi sawu sai na tarar fayil ɗin bai ma taɓa barin wurin masu bincike ba, jami'in da yake riƙe da shi an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba, kotu kuwa kowane zama ana rubuta "ana jiran shawara". Wasiƙa biyu na rubuta da zarya ta sati uku, fayil ya isa inda ya kamata, da shawara ta fito mutum biyu daga cikinsu aka ce babu abin da ya haɗa su da kisan. Ba wata bajinta na yi ba, bibiya ce kawai da babu wanda ya yi. Don haka abu na farko, a gano takamaimai ina fayil ɗin ƙaninki yake yau, an aika ko ba a aika ba, in an aika ranar nawa ga wata, wace lamba aka ba shi, wane lauya aka miƙa wa. Lauya ya rubuta wa antoni janar a rubuce a karɓa a buga hatimi a kan kwafinku, don wannan kwafin gobe hujja ne a gaban babbar kotu.

Dalilai na musamman

Sashe na 161 ya ambaci uku. Na farko rashin lafiya, amma da sharaɗi, sai likitan asibitin gwamnati ya tabbatar a rubuce, kuma sai an nuna cewa inda ake tsare da shi ba za su iya kula da ciwon ba. Rashin lafiyar Mama, duk da tana taɓa zuciya, ba ta cikin lissafi, ta wanda yake tsare ake nufi. Shi ma ba kowane ciwo ba. Mohammed Abacha da aka tuhume shi a Legas da haɗin baki da kisan Kudirat Abiola ya nemi beli har Kotun Ƙoli yana kafa hujja da rashin lafiya, a 2002 kotun ta hana, ta ce faɗin cewa mutum ba shi da lafiya bai isa ba sai an nuna hukuma ta gaza kula da shi. Abin lura, a cikin shekarar nan dai kotun ta soke tuhumar da ake masa gaba ɗaya saboda takardun hujja ba su nuna abin da ya haɗa shi da laifin ba, wato abin da beli bai yi masa ba raunin fayil ya yi masa. Maryam Sanda kuma, wadda aka tuhuma da kashe mijinta a Abuja, an hana ta beli fiye da sau ɗaya kafin a ba ta a watan Maris na 2018 bisa dalilin lafiya tana da juna biyu, sannan a Janairun 2020 babbar kotun da ta ba ta belin ta yanke mata hukuncin kisa. Na kawo wannan ne don ki gane beli ba wanke mutum ba ne, hana beli kuma ba kama shi da laifi ba ne. Manjo Hamza Al-Mustapha ya yi sama da shekara 14 a tsare, aka yanke masa hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a Yulin 2013.

Dan Allah kada wani ya ba ku shawarar sayo takardar asibiti. Alƙalai sun ga irinta ba adadi, lauyan gwamnati zai nemi a bincika, in ta tashi ta bogi kun rufe wa kanku ƙofa kun kuma jawo sabon laifi.

Na biyu shi ne jinkiri mai yawa wajen bincike ko gurfanarwa ko gabatar da shari'a da ya haura shekara ɗaya. Wannan ne nake ganin ya fi kusa da ku, saura wata huɗu ku cika, kuma duk wasiƙar da aka rubuta ba a amsa ba, duk ɗagawar da aka yi ba da laifinsa ba, ana tara su ne don wannan ranar. Na uku kuma doka ta bar wa alƙali, duk wani yanayi da ya ga na musamman ne a shari'ar da ke gabansa, kuma ta nan ne ba lallai sai an jira shekara ta cika ba. A shari'ar Suleman da kwamishinan 'yan sandan Filato a 2008, Kotun Ƙoli ta ba da belin mutanen da ake zargi da kisa saboda an ajiye su ba tare da an shigar da tuhuma a kotun da ta dace ba kuma ba a kawo takardun hujja ba, kalmar kisan kai a takarda ita kaɗai ba ta isa a ci gaba da riƙe mutum ba. Lauyoyi muna yawan jingina da wannan hukuncin a irin halin da kuke ciki. Akwai kuma hanyar ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam, ita aka bi a 2023 lokacin da babbar kotun tarayya a Kano ta ba da belin Alhassan Ado Doguwa, ɗan majalisar wakilai da aka zarga da kisa, a kan naira miliyan 500 bayan majistare ya tura shi ajiya, daga baya ma'aikatar shari'a ta ce ba ta ga hujjar gurfanar da shi ba. Na san abin da mutane suka faɗa a lokacin, cewa mai hali kwana kaɗan yake yi talaka ya shekara. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne dokar da aka yi amfani da ita ba ta mutum ɗaya ba ce, tela ma yana da haƙƙin a shigar masa da irin wannan takardar, bambancin shi ne wa yake da wanda zai tashi ya bi masa.

Yadda ake nema a babbar kotu shi ne lauya ya shigar da buƙata a rubuce tare da takardar rantsuwa, wadda ke ko wani ɗan uwa zai iya rantsewa, a haɗa da kwafin FIR da bayanan zaman kotun majistare, a ba gwamnati kwafi ta mayar da martani. Alƙali zai duba nauyin tuhumar, ƙarfin hujjar da ke fayil, ko an taɓa kama shi da laifi, ko yana da mazauni da sana'a sanannu, ko zai iya taɓa shaidu, irin ma'aunan da Kotun Ƙoli ta jera a shari'ar Janar Ishaya Bamaiyi a 2001, inda shi ma aka hana shi. A nan nauyin yana kan mai nema ne, shi zai gamsar da kotu. Kuskuren da nake yawan gani shi ne takardar rantsuwa mai cike da "yaron kirki ne, shi yake ciyar da gida", babu kwanan wata, babu takarda ko ɗaya a liƙe. Alƙali ba ya aiki da tausayi tsura, abin da zai rubuta a hukuncinsa yake nema. In an hana, ana iya ɗaukaka ƙara, ana iya sake nema in wani sabon abu ya taso, kuma ko an hana lauya ya roƙi a gaggauta sauraron shari'ar, sau da yawa alƙalai suna ba da wannan.

Dubu ɗari huɗu da maganar diyya

Mutumin bakin kotu kada ku ba shi ko sisi. In ya karɓa, ɗayan biyu ne, ko ya ɓace, ko ya jira abin da dama zai faru ya ce shi ya yi. Ki tambaye shi a wace kotu zai shigar, gaban wane alƙali, ina rasit, za ki ga ya fara kame-kame. Kuɗin da ake kashewa na halal shi ne na lauya da na shigar da takardu, kuma na kotu ana ba da rasit. In ba ku da halin ɗaukar lauya ku je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, Legal Aid Council, suna da ofis a jihohi kuma kisan kai yana cikin shari'un da suke karɓa kyauta, ƙungiyar lauyoyi ta NBA ma tana da masu yin aikin taimako. Sannan babban jojin jiha yakan kai ziyara gidajen gyaran hali ya duba waɗanda suka daɗe ba shari'a, ku yi magana da jami'in walwala na gidan a tabbatar sunansa da ranar da aka kawo shi suna rubuce daidai, ko da yake a tuhumar kisa ba a cika sakin mutum ta nan ba, amma takan sa a tambayi ina fayil.

Maganar diyya kuma tana buƙatar natsuwa. In a ƙarƙashin dokar shari'ar Musulunci ake tuhumar mutum a babbar kotun shari'a, magadan mamaci suna da haƙƙin ƙisasi ko diyya ko yafiya, maganarsu tana da nauyi kai tsaye. Amma yadda kika bayyana, Final Kod ce aka karanta musu, a nan kuwa gwamnati ce mai ƙara, yafiyar iyaye ba ta rufe shari'a da kanta, antoni janar ne kaɗai sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon janye ta, yana iya duba sulhun da aka yi yana kuma iya ƙin dubawa. Ga haɗari biyu, in kuka je da tayin kuɗi ana iya fassara shi da cewa kun amsa laifi, alhali shi yana cewa rabo ya shiga, kuma in a gidan akwai wanda zai ba da shaida, lauyan gwamnati zai tashi ya ce kuna neman juya shaidu, wannan kaɗai ya isa a hana beli. Ta'aziyya daban, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne da Musulunci, in ba ku yi ba manyanku su je su yi da zuciya ɗaya ba tare da an ɗauko zancen kotu ba, mutanen nan ɗa suka rasa. In daga baya maganar sulhu za ta taso, ta bi ta hannun mai unguwa ko limami da sanin lauya, bayan an ga abin da ke fayil.

In Allah ya sa an bayar

Tsugune ba ta ƙare ba, don na ga waɗanda aka ba beli suka ƙara wata uku a ciki saboda babu mai tsaya musu. Ku fara neman mutane tun yanzu. Yawanci kotu takan nemi mutum biyu masu mazauni a inda take da hurumi, wani lokacin ma'aikacin gwamnati mai wani matakin albashi, ko mai takardar mallakar fili, ko takarda daga hakimi, kuma za a je a ga gidajensu. Kuɗin da za ki ji an ambata, miliyan kaza, galibi ba ajiyewa ake yi ba, alkawari ne mai tsayawa yake sa hannu cewa in yaron ya gudu shi zai biya, sai in alƙali ya faɗa ƙarara cewa a ajiye. Ke ma kina iya tsaya masa, sashe na 167(3) na ACJA ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce. In sharuɗɗan sun fi ƙarfinku ana komawa gaban alƙalin a roƙi sassauci, doka ta ce kada su yi tsanani fiye da kima. In ya fito kuma, ni shawarata kada ya koma unguwar, ya zauna wurin dangi a wani gefen gari da sanin kotu, kada ya kira kowa cikin shaidu ko a waya, kada ya rubuta komai a Facebook, kuma ranar zama ko da zazzaɓi yake ya zo, fashi ɗaya ba dalili ya isa a soke belin.

Ban ga fayil ɗin ba, ɓangare ɗaya na ji, kuma beli a irin wannan tuhuma yana hannun alƙali ne, duk lauyan da ya ce miki tabbas zai fito ranar kaza ki yi hattara da shi. Abin da za ki iya yi a satin nan shi ne ki je wurin rajistaran kotun majistaren ki nemi lambar shari'ar da kwafin FIR da jerin ranakun da aka zauna, ki haɗa da duk takardar asibitin da ƙaninki yake da ita in akwai, da sunayen waɗanda suka ga lokacin da ya shiga rabon kuma suke shirye su faɗa a gaban kotu, ki kai wa lauya su a tare.